Babbar Ƙofar Marlstoke

Ranar da Tamsin Pargeter ta fara ganin Crispin, faɗa ta yi masa a gaban baƙi.

Asabar ce, cikin ranakun da ake buɗe gidan Marlstoke ga masu yawon buɗe ido. Wata nas 'yar'uwarta, abokiyar aikinta a asibiti, ce ta matsa sai ta raka ta. In ba haka ba, me zai kai 'yar ƙauyenmu ta sayi tikiti don ta kalli Babban Gida, gidan da ya danne mu tun zamanin kakannin kakanni?

Mai yi musu jagora wani dogon saurayi ne, sanye da rigar sanyi da ta huje a gwiwar hannu. Ya tsayar da ayarin gaban tagar babban falo, ya nuna musu filin ciyawa da ya miƙe har bakin tafki, da wani ɗan tsohon coci shi kaɗai a tsakiyar tumaki.

Ya ce, "A zamanin Sir Ambrose Haverley, shekara ɗari biyu da ɗoriya ke nan, aka gyara filin nan. An matsar da ƙauyen zuwa bayan tudu domin a ƙawata abin da ido ke gani."

Tamsin ta ce, "An matsar?"

Kowa ya juyo.

"Kujera ake matsarwa, malam. Ƙauye rushe shi aka yi. An fitar da mutane da tsummokaransu saboda wani mutum ɗaya ba ya son ganin hayaƙin girkinsu in yana shan shayi. Cocin ma da aka bari, don yana yi wa tagar nan kyau ne. Kakannina suna kwance a can, tumakinku suna kiwo a kansu."

Saurayin ya yi ja har kunne. Bai yi musu ba.

"Gaskiyarki," in ji shi. "Na san haka aka yi. Kullum na faɗi kalmar nan sai na ji kunya."

"To wa ya tilasta maka?"

"Mahaifiyata."

Sai a lokacin ta gane. Crispin Haverley ne, wanda aka tura makarantar kwana tun yana ɗan mitsitsi, daga can ya zarce London, bai dawo ba sai da mahaifinsa ya rasu, gida da sarautar Sir suka faɗo kansa. Da wata ce, da ta ba da haƙuri. Tamsin gyara jakarta kawai ta yi ta ce, "Ai gara da ya zama kai ne. Maganar ta isa inda aka aike ta."

Kafin su fita ya tare ta a ɗakin shan shayi, ya ce yana son lambarta don ta duba masa sabon bayanin da zai riƙa yi wa baƙi. Ita ma ta san ba bayani ne ya dame shi ba. Ta ba shi.

Asabar ta gaba wayarta ta yi ƙara.

"Barka da yamma, 'yar tawaye. Yau na ce wa baƙi rushewa aka yi. Wata tsohuwa ta yi hawaye, Mama kuma ta ƙi yi mini magana a teburin abinci. Na ci jarrabawa?"

Ta mayar masa: "Ka ci rabi, ɗan babban gida. Saura ka faɗa musu a tsakiyar sanyi aka yi rusau ɗin."

"Zan faɗa. Ladana kuma? Shayi tare da ke?"

"Ba a gidanku ba."

Don haka a tsohon cocin suka riƙa haɗuwa. Ya zo da shayi a fulas da kek ɗin tuffa, ita ta zo a gajiye daga aiki, su zauna kan katangar maƙabarta. Ta nuna masa duwatsun kaburburan Pargeter, shi kuma ya ba ta labarin yadda ya yi ta kuka a makarantar kwana ba wanda ya zo. Ta so ta ci gaba da jin haushinsa, abin ya ƙi. Mutum ne mai sauraro, kuma in ya yi dariya duk fuskarsa ke yi.

Wata rana ya ce, "Tam, kin san tun da kika yi mini faɗan nan ban ƙara jin daɗin tagar can ba?"

"Madalla."

"Amma ina tsayawa a wurin kullum. Daga nan ake hango hanyar da kike bi in kin sauka daga bas."

Ta sunkuyar da kai, ta ce shayinsa ya yi sanyi.

A ƙauyenmu magana ba ta kwana. Kafin Tamsin ta buɗe baki, labari ya isa kunnen Kaka Winnie, wadda ta rene ta tun rasuwar mahaifiyarta. Mahaifinta Gordon direban bas ne, mutum mai shiru, abin da tsohuwarsa ta ce shi ke nan.

Kaka Winnie ta haura tamanin. Tana 'yar shekara sha huɗu aka kai ta aikatau Babban Gida, ba ta bari ba sai da gwiwoyinta suka ƙi. Cikin ayyukanta har da wanke dutsen da ke bakin babbar ƙofa kowace safiya. Daga cikin falo zuwa dutsen nan taku kaɗan ne, amma 'yar aiki ba ta ƙetare wannan ƙofa. Sai ta ciko bokiti, ta fita ta kicin, ta zagaye ƙaton gidan a cikin ƙanƙara, ta durƙusa ta goge, ta sake zagayowa. Rabin rayuwarta ta yi tana wanke dutsen da ba ta taɓa takawa ta shige ba. Duk wanda ya ce mini wannan tsari ne kawai na gida ba wulaƙanci ba, sai in ce ya zo ya ga yadda take hawa bene.

Ta ce, "'Yar nan, zauna. Da gaske ne?"

"Da gaske ne, Kaka. Ba kamar su yake ba."

"Ubansa ma haka aka ce. In uwar gidan ta farko ta taho a lungu, juya fuska muke yi mu kalli bango har ta wuce, kada ganinmu ya ɓata mata rana. Jininsu ke nan."

"Wannan da ne."

"Gwiwata kuma ta yau ce. Ki je ki yi abin da kika ga dama, amma kada ki nemi albarkata a kan gidan da ya mai da ni tsumma."

Tamsin ba ta taɓa yin wani abu babba ba tare da albarkar tsohuwar nan ba, kuma ta san ba za ta iya farawa da aure ba.

Ana cikin haka Crispin ya gayyace ta cin abinci don ta gaisa da mahaifiyarsa. Ta daure ta amsa. Ta sayi sabuwar riga mai ruwan ganye, ta gyara gashi, ta tako har gindin matakalar babbar ƙofa. Tana shirin hawa saƙo ya shigo.

"Zumata, na hango ki. Zagayo ta ƙofar kicin, ina nan ina jiran ki."

Ta karanta, ta sake karantawa. Ta dubi dutsen nan fari tas a saman matakala. Sai ta juya ta kama hanyar gida, takalminta mai tsini yana nutsewa a cikin tsakuwa.

Ya kira har ya gaji. Washegari matar da ke taya su girki ta baza cewa kujerar Tamsin ba ta zauna wofi ba, mahaifiyarsa Lady Rosalind ta riga ta gayyato Venetia Strang, 'yar masu gonakin da suka yi iyaka da Marlstoke, wadda ta daɗe tana yi wa ɗanta sha'awa. Wai Venetia ce ta zauna kusa da shi, har tana cewa ai nas-nas ba su da lokacin kansu, a yi mata uzuri.

Tamsin ta tura masa layi ɗaya: "Ka gaida Venetia. Ita ta wace ƙofa ta shiga?"

Amsa ta zo nan take: "Ta kicin. Don Allah ki bari in gan ki."

Da ta tashi daga aiki ta tarar da shi a bakin asibiti, ruwan sama ya jiƙa shi.

"Tam, kowa ta kicin yake shiga. Ni ta nan nake bi, Mama ma, karnuka ma."

"Ka ji ka. Har da karnuka."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na san ba haka kake nufi ba, shi ne ma abin haushin. Ku kuna bi ta nan don ya fi muku kusa da inda kuke ajiye mota. Kakata ta bi don an hana ta ɗayar. Kai a wurinka ƙofa ce kawai."

Ya ce, "Ban yi tunani ba. Ki yafe mini. Babbar ƙofar abu biyu kawai ake buɗe wa, gawar maigida in za ta fita, da amaryar magaji in za ta shiga. Tun jana'izar Baba take rufe."

"To sai me?"

"Ina so a buɗe miki ita."

Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti, masu jiran bas suna kallo, ya ciro zobe. Ta ce masa ya tashi zai ɓata wandonsa. Ya ce ba zai tashi ba. Ta miƙa hannu tana kuka tana dariya, ta ce, "Sakarai kawai. Na yarda."

Da labarin zoben ya kai mata, Lady Rosalind ba ta yi ihu ba, irinsu ba sa yi. Ta karɓi Tamsin da shayi a kofunan da suka girmi kowa a ɗakin, ta yi murmushin da bai kai ido ba.

"Pargeter," ta ce. "Crispin ya ce kakarki ta yi mana aiki. Ban tuna wata mai wannan suna ba."

"Shekaru da yawa ta yi, ranki ya daɗe."

"Ikon Allah. Kin san riƙe gida irin wannan ba wasa ba ne, yarinya. Wadda ta tashi a ciki ma da ƙyar take iyawa."

Watanni ta yi tana jan ƙafa. Yau ta ce a jira bazara, gobe ta gayyato Venetia hawan doki. Da Venetia ta ga Crispin ko kallon dokin ba ya yi, ta tattara ta tafi London, ita dai ta san darajar kanta. Daga ƙarshe uwar ta sallama, ta kira su biyu ta shimfiɗa musu tsarin biki.

Ta ce, "Yadda aka saba za a yi. A ɗaura a tsohon coci, a tako ta fili. Ango da amarya da baƙin gida su shiga ta babbar ƙofa zuwa falo. Mutanen ƙauye kuma a gasa musu sa a siton hatsi, da giya da makaɗa."

Tamsin ta ce, "Dangina fa?"

"Mahaifinki zai shigo mana, tunda shi zai miƙa ki. Sauran za su fi sakewa a sito cikin mutanensu."

"Kakata ma?"

"Tsofaffi ba sa son hayaniyar baƙin da ba su sani ba."

Tamsin ta juya ta dubi Crispin. Wannan ne lokacin da ya kamata ya buɗe baki ya yi magana irin ta maza. Sai bawan Allah ya yi murmushi ya ce, "Gaskiya, Tam, bikin sito ya fi daɗi. Ina yaro can nake gudu. Da mun yanka kek sai mu sulale mu je wurinsu."

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Yaro mai kirki, mai ilimi, wanda aka riga aka yi wa bayani sau ɗaya a bakin asibiti, amma abin da ya tashi ya tarar ya rufe masa ido.

Tamsin ta zare zoben, ta ajiye kusa da kofin shayi.

"Ba zan taka dutsen da kakata ta wanke in shige, ita tana zaune a inda ake ajiye hatsi ba. Ku riƙe ƙofarku."

Ta fita ta kicin, tunda ita ce a buɗe.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa, ba ta amsa ba.

"Rabin raina, na sake yin wauta. Na gane tun kafin ki kai bakin get."

"Ba na iya cin abinci. Karnuka ma sun daina kula ni."

"Ba zan ƙara roƙon ki da baki ba. Zan je inda ya kamata in fara zuwa."

Inda ya je, gidan Kaka Winnie ne, da rana tsaka Tamsin tana wurin aiki. Ya zagaya ta baya kamar yadda kowa ke yi a ƙauyenmu, ya ƙwanƙwasa. Tsohuwa ta leƙo ta taga.

"Wane ne?"

"Crispin Haverley ne, Mrs Pargeter."

"Baƙo ta gaba yake shiga gidan nan. Zagaya."

Ya zagaya. Ta bar shi tsaye har sai da ta gama shan shayinta, sannan ta zare sakata. Ta ba shi kujera, ba ta ba shi komai ba.

Ya ce, "Na zo neman gafara. Kuma na zo ki faɗa mini abin da zan yi."

"Ni zan faɗa maka? Gidan na wa ne?"

"Nawa ne."

"Mabuɗin fa?"

"Yana rataye a falo."

"To me ka zo nema a wurina, yaro? Ni ban taɓa roƙon ƙofar nan ba ina da ƙarfina, ba zan roƙa yanzu ba. Jikata tana kuka a ɗaki kullum, tana tsammani ban sani ba. Kai ka jawo. Tashi ka tafi, ka ja mini ƙofar da kyau, tana cijewa."

Ya koma gida ya sami mahaifiyarsa a lambu tana yanke wardi.

"Mama, ranar bikina ko dai kowa ya shiga ta babbar ƙofa, ko kuma ta zauna a rufe. In ta zauna a rufe, ni da amaryata a sito za mu ci abinci, ke ki karɓi baƙinki a falo."

"Kana so ka mai da mu abin dariya a duk gundumar nan?"

"Mun daɗe da zama, ba a dai faɗa mana ba ne."

"Al'adar gidan nan ta girme ka, Crispin."

"Matar da ta wanke mana bakin ƙofa ma ta girme ni, kuma ba ki san sunanta ba."

Wannan ce ta tsaya mata a wuya. Bayan kwana biyu aka ga motar Lady Rosalind ta tsaya gaban gidan Pargeter, abin da bai taɓa faruwa ba. Labule ya motsa a kowace taga ta layin.

Kaka Winnie ta buɗe. Lady Rosalind ta dube ta, fuskarta ta saki.

"Mary. Ashe ke ce."

"Sunana Winifred, wato Winnie, ranki ya daɗe. Surukarki ce ta ce ba za ta iya haddace sunayen 'yan aiki ba, duk wadda ta ɗauki bokiti Mary ce. Mu uku ne Mary a lokacina."

Lady Rosalind ta tsaya da jaka a hannu kamar wadda ta manta abin da ya kawo ta. Shekara da shekaru matar nan ta kai mata ruwan zafi ɗaki, ta riƙe mata Crispin yana jariri.

Kaka Winnie ta ce, "Shigo, ana kallon mu."

Suka zauna. A wannan karon ta dafa shayi.

"Ranar da aka kawo ki amarya ni na wanke dutsen," in ji tsohuwa. "Ruwan yana daskarewa a hannuna. Da kuka taho aka ce mu ɓace, na laɓe bayan shingen furanni da bokitina. Na gan ki. Kin yi kyau, kina rawar sanyi."

"Tsoro nake ji," in ji Lady Rosalind a hankali.

"Na sani. Na tausaya miki ma. Ke dai ba ki taɓa waiwayowa ba."

Ba zan ce matar ta tuba ba, don ban shiga zuciyarta ba, kuma barazanar ɗanta tana nan a kanta. Amma ta ajiye kofi, ta ce, "Mrs Pargeter, za ki zo bikin? Ta gaba."

"Ni kaɗai?"

Lady Rosalind ta ɗaga kai ta dube ta.

"Duka."

"To zan duba ko ina da hula."

Da yamma Tamsin ta dawo ta tarar da kakarta ta baje huluna a kan gado. Ba ta gama jin labarin ba wayarta ta yi ƙara.

"'Yar tawaye, zobenki yana aljihuna, ni kuma ina bayan gidanku. Ko in zagaya ta gaba?"

Ta rubuta: "Tsaya inda kake, ɗan babban gida. Ta baya 'yan gida suke shiga."

Ta fita da gudu ba takalmi.

An ɗaura auren a farkon bazara. Tsohon cocin bai ɗauke mu duka ba, wasu a waje suka tsaya cikin kaburbura. Gordon ya miƙa 'yarsa yana share ido da bayan hannu. Da aka fito, aka jeru a fili, manyan baƙi da hulunansu masu tsawo, mu kuma da kayanmu na Lahadi, aka nufi Babban Gida a cakuɗe. Kaka Winnie tana tafe a hankali da sandarta, don haka kowa ya rage sauri.

Ƙofar ta sha wuya kafin ta buɗu, sai da maza uku suka sa kafaɗa. Ango da amarya suka hau matakala, suka kai bakin dutsen, sai suka tsaya. Tamsin ta ja gefe guda, Crispin ya ja ɗaya gefen.

"Kaka," in ji Tamsin, "ke za ki fara."

Tsohuwa ta hau da ƙyar. Crispin ya miƙa mata hannu, ta ture. Ta tsaya ta ƙura wa dutsen ido.

"Wa ya wanke wannan?"

Crispin ya ce, "Ni ne, Kaka. Da safe. Ta kicin na zagayo da bokitin."

"An gani. Ka bar sabulu a kusurwa."

Aka yi dariya, amma ita ba ta yi ba. Ta ɗaga sandar ta kafa a ciki, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta ɗora a tsakiyar dutsen, ta tsaya a kai da dukan nauyinta. Sannan ta shige.

Ba wanda ya yi tafi. Matan layinmu da iyayensu suka yi aikatau a gidan suna ta kuka a fili, ni ma ban tsira ba. Lady Rosalind tana tsaye a ciki, ta ɗan sunkuyar da kai ta ce, "Sannu da zuwa, Mrs Pargeter."

"Yauwa, Rosalind," in ji Kaka Winnie.

Ta juyo ta fuskanci taron da ke kan matakala, manya da ƙanana.

"To ku shigo mana. Amma kowa ya goge ƙafa, da masu sarauta da marasa ita. Wani ne zai wanke."

Aka goge kuwa, har da wani tsohon alƙali mai sanda.

Da ango da amarya suka shigo, Kaka Winnie ta kama hannuwansu ta haɗa a cikin nata, hannuwan nan da sanyi ya lanƙwasa wa yatsu.

"Na ce ba zan sa albarka ba, to na janye. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da haƙuri da juna. Kai yaro, ka riƙe mini ita da kyau, bakinta da kaifi amma zuciyarta ruwa ce. Ke kuma ki riƙa yi masa bayani sau biyu, a na biyun yake ganewa. Allah ya ba ku 'ya'ya masu albarka, kada ɗayansu ya juya wa bango fuska don wani, kada kuma wani ya juya don su."

Muka ce amin, har waɗanda ba su saba faɗa ba.

Crispin ya sunkuya ya ce wa amaryarsa a kunne, "Na ci jarrabawar yanzu, zumata?"

Tamsin ta matse hannunsa. Idonta yana kan kakarta, wadda ta riga ta zaɓi kujera mafi laushi kusa da murhu, ta zauna, ta miƙe ƙafafunta, tana jira a kawo mata shayi.